Kofi Na Huɗu

Tun da rijiyarmu ta koma gishiri, da akwatin gilashin da maigidana ya ƙera muka dogara. Rana ta dafa ruwan, tururi ya taru a jikin gilashi, ya ɗiga a kofi. Kofi uku yake bayarwa, mu kuwa mu huɗu ne. Ya rage zurfin ruwan, ya ƙara karkata gilashin, duk a banza.

Inna, mahaifiyarsa, kullum sai ta tura wa jikarta nata. "Na sha, ku ƙyale ni."

Bayan an binne Inna, na shimfiɗa baƙin zanenta cikin akwatin, ko zai ƙara jan zafi. Kafin la'asar kofi huɗu sun cika.

"Malam, sha mana," na ce.

Ya tura mini kofin. "Na sha."