Shamuwa a Kan Zauren Taro

Velika tana fitar da bokitan da suka kwana suna tarar ruwan rufi, sai ta ji kukan babbar mota tana hawo tudun ƙauyen. Ta zubar da ruwan a gindin bishiyar tuffa, ta goge hannu a jikin siket, ta tsaya a ƙofar zauren taro tana jira.

Ita ce shugabar kwamitin zauren. Ranar da aka yi zaɓe ta fita ne ta duba tukunyar wake, da ta dawo ta tarar an zaɓe ta. Tun daga nan makulli yake hannunta, da tsintsiya, da zagin duk wanda ruwa ya ɗiga wa a wuya. Abin da hukuma ke aikowa ko kuɗin wuta ba ya biya. Don haka matan ƙauyen suka shekara biyu suna gasa banitsa, burodinsu mai cuku a ciki, suna dafa miyar tattasai suna ɗurawa a kwalabe, suna kaiwa kasuwar gari. 'Yan ci-rani na Jamus da Sifen suka aiko da nasu. Aka sayi sabon tayil na rufi aka jibge a bayan zaure.

Abu ɗaya ya rage. A kan bututun hayaƙin zauren akwai sheƙar shamuwa, tsohuwa, mai girman gadon aure. Nauyinta ya tsaga bututun, ya lanƙwasa katakon da ke ƙarƙashi. Mai gyara ya ce ba zai taka rufin ba sai an sauke ta. Aka kafa dogon turken ƙarfe a gefen fili, aka ɗora tsohuwar ƙafar amalanke a samansa, domin a mayar da sheƙar can tun tsuntsayen ba su dawo daga ƙasashen zafi ba. Kancho, ɗan ƙauyen da ke tuƙa motar kwando mai ɗaga ma'aikata sama a birni, ya roƙi maigidansa aron motar na wannan Asabar kaɗai.

Velika kuma tana da nata dalilin. 'Yarta Ralitsa za ta yi aure a watan shida, dangin ango suna son a yi liyafa a otal a Plovdiv. Ralitsa ta ce mata a waya, "Mama, in an gyara rufin, a gida za a yi. In ba a gyara ba, ba zan sa surukata ta ci abinci da lema a hannu ba."

Kancho ya tsayar da mota, ya diro, bai ko gaishe ta ba ya ɗaga kai.

"Lelya Velika, kin kalli sama yau kuwa?" Lelya, wato inna, haka yake kiranta.

"Me zan kalla a sama? Ƙasa nake kallo, nan ruwan ke zuba."

"To kalla."

Ta ja baya ta kalla. A tsakiyar sheƙar akwai tsuntsu fari mai baƙin fiffike, yana tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bas.

Kafin ta ce uffan, labari ya zaga ƙauyen. Tsofaffi suka fara fitowa, wasu da sanda, wasu da takalman ɗaki. Kowa ya iso sai ya kalli sama, ya kwance zaren nan ja da fari da ake ɗaurawa a hannu tun farkon watan uku, ya rataye a reshen tuffa, kamar yadda ake yi idan an ga shamuwar farko a shekara. Velika ta ja hannun rigarta ta rufe nata.

"Ba za ki kwance ba?" in ji Stoyna, maƙwabciyarta, wadda ke riƙe da asusun zauren a cikin gwangwanin biskit.

"Ban ga komai ba."

"Ga shi can yana kallonki."

"Shi ya gan ni. Ni ban gan shi ba."

Dattijo Mincho, da ake kira Bai Mincho don girmamawa, wanda ya fi kowa tsufa a ƙauyen kuma bai taɓa fashin taron da za a raba abinci ba, ya zauna a kan tarin tayil ya ce namijin ne, shi yake fara zuwa ya gyara gida kafin matar ta iso. Ya ƙara da cewa a ƙauyen ƙetaren rafi wani ya taɓa sauke sheƙar shamuwa, gidansa ya ƙone ƙurmus.

"Bayan yaushe?" in ji Velika.

"An ɗan jima dai. Amma ya ƙone."

"Ba shi ne mai barci da sigari a baki ba?"

"To wa ya sa shi barcin?"

Stoyna ta ce ko ba ƙonewa, akwai tara. Sheƙar da babu kowa a ciki ana iya matsar da ita, amma mai tsuntsu a ciki doka ta hana, kuma akwai masu waya a ƙauyen nan da ba su da aikin yi.

"Babu ƙwai," Velika ta ce. "Jiya da yamma ba ya nan. Ko kayansa bai kwance ba. Kancho, tada motarka."

Kancho ya sosa ƙeya. "Lelya, ni mota na kawo. Hannu kam ban zo da shi ba. Matata na da ciki."

"Duk ƙauyen nan ba namiji?"

"Akwai," in ji Bai Mincho. "Ga shi can sama."

Aka gwada kora daga ƙasa. Stoyna ta ɗauko murfin tukwane biyu daga kicin ɗin zaure ta haɗa su. Tsuntsun ya mayar da kai baya ya kaɗa baki, ƙwas-ƙwas-ƙwas, ya fi ta ƙara. Aka fito da lasifikar zaure aka sa kiɗan biki. Tsofaffi biyu suka fara taka rawa. Tsuntsun ya canja ƙafa.

Da rana ta ɗaga, Velika ta shiga zaure ta fito da cebur da safar hannu.

"Ni zan hau. Kai danna maɓalli kawai, ba a ƙona gidan mutum don maɓalli."

Ba ta taɓa hawa abin da ya wuce tsanin tsinkar inabi ba. Da kwandon ya bar ƙasa da ita da Kancho a ciki, sai ta riƙe ƙarfen da hannu biyu, cebur ɗin ya faɗi a ƙafar Kancho. Ya ɗauka ya jingine. Suka wuce tagogi, suka wuce bakin rufi, ta ga ramukan da ta daɗe da sanin su daga ciki. Kwandon ya tsaya da ɗan girgiza.

Sheƙar tana wari. An saƙa ta da itace da tsumma da leda, har da safar hannun Bai Mincho da ya zargi ƙauyen duka da sacewa bara. Tsuntsun bai tashi ba. Da ta gan shi kusa sai ta ga ya rame, gashin ƙirjinsa ya yi datti, ƙafafunsa duk busasshen taɓo. Da wani kara a bakinsa. Ya dube ta da ido ɗaya, ya sunkuya ya cusa karan a gefen sheƙa, ya ciro, ya sake cusa shi a wani wurin.

"Daga ina yake zuwa?" ta tambaya.

"Afirka, aka ce," in ji Kancho. "Ta Turkiyya yake biyowa."

"Da fiffike?"

"Ban ji an ce yana da fasfo ba."

Velika ta kau da kai don kada ta kalli ƙasa, sai ta ga ƙauyen gaba ɗaya. Daga ƙasa in kana tafiya, gida yakan ɓoye gida. Daga nan kuwa babu abin da ya ɓuya. Ta bi rufin gidajen da ido, tana neman masu hayaƙi. Nata. Na Stoyna. Na Bai Mincho. Wasu 'yan kaɗan wajen coci. Sauran duk shiru, ciyawa ta cinye tsakar gida, inabi ya hau ƙofofi ya rufe. Ga gidan su Kancho can, rabin rufin ya zauna a cikin ɗaki.

"Ka ce za ka dawo ka gyara gidan babanka."

"Na ce, Lelya."

"Kowa ya ce."

Ta sake duban tsuntsun. Ya samo wa karan wurin da ya gamshe shi, ya kama gyara wani.

"Duk waɗanda suka tafi bara," ta ce, "wannan ne kawai ya dawo."

Kancho ya miƙa mata cebur. Ba ta karɓa ba. Ta saki ƙarfen da hannu ɗaya, ta sa haƙori ta kwance zaren da ke wuyan hannunta, ta cusa a aljihu.

"Sauke ni. Jiri nake ji."

Da suka sauka kowa ya zuba mata ido. Ta ce sheƙar ta manne da siminti, cebur ba zai iya ba. Babu wanda ya musa. Ta wuce ta rataye zarenta a reshen tuffa, ta ba Bai Mincho labarin safar hannunsa. Ya ce ai dama tun farko tsuntsun yake zargi.

Ba a bar motar ta koma haka nan ba. Aka ɗauko tamfol ɗin da ake rufe itacen wuta da shi, Kancho ya hau ya shimfiɗa a gefen da ya fi yoyo, ya danne da duwatsu, yana kewaye bututun daga nesa. Ya ce zai rage ruwa amma ba zai hana ba. Shamuwa sai ƙarshen watan takwas suke tafiya, kuma bai yi alkawarin maigidansa zai sake ba da mota ba. Stoyna ta fito da banitsar da aka gasa don murnar gama aiki, aka ci a tsaye. Bai Mincho ya ce turken ƙarfen ba asara ba ne, ana iya rataya tuta.

Da la'asar mutane suka watse. Velika ta mayar da bokitai wurarensu a cikin zaure, ta san inda kowanne yake zama ba sai ta ɗaga kai ba. Ta kulle ƙofa, ta zauna a kan matakala, ta kira Ralitsa.

"Mama, yaya? An sauke?"

"Ba a sauke ba."

"Motar ce ba ta zo ba?"

"Ta zo. Wani ya riga ta zuwa."

Ta gaya mata. Ralitsa ta ce, "Mama, kin san abin da na ce."

"Na sani. Ku kama otal ɗin."

"Ba ki yi fushi ba?"

"Da wa zan yi? Amma ki gaya wa surukarki ta sa a ƙara kujeru. Mutanen nan shekara biyu suna soya tattasai don bikinki, ba zan bar su a gida ba. Zan nemo bas."

"Ƙauyen duka, Mama?"

Daga saman rufi aka kaɗa baki, ƙwas-ƙwas-ƙwas.

"Ban da mutum ɗaya," Velika ta ce. "Shi zai tsare mana zaure."