Faya-fayan Tsohon Direba

Shekara ashirin da bakwai Mai Faifai ya yi yana sayen tsofaffin faya-fayan garmaho yana sayarwa. Shagonsa na can ƙarshen layin masu gyaran kayan lantarki, ɗan tsukuku ne, in mutum biyu suka shiga sai na uku ya jira a waje. Sana'ar ta taɓa mutuwa murus, har ya koma sayar da batir da tocila don kada tukunya ta kwana a kife. A 'yan shekarun nan ta farfaɗo, masu hali da baƙi daga ƙetare suka fara neman abin da a da ake zubarwa a bola. Sai dai kayan sun yi wuya. Akan kira shi a ce akwai faya-fayai cike da ɗaki, ya je ya tarar da guda ashirin a buhu, rana ta lanƙwasa rabi, gara ta cinye kwalayen sauran.

Shi ya sa ranar da wata malamar makaranta ta kira shi ta ce mahaifinta na da faya-fayai da yawa, bai yi wani ɗoki ba. Sai da ya gama abin da yake yi sannan ya tafi.

Gidan tsohon bene ne, fentinsa ya koɗe. Malama ta tare shi a ƙofa. Za ta kai shekara arba'in da biyar, idanunta sun faɗa, hannunta riƙe da ledar magunguna. Ta buɗe masa wani ɗaki a ƙasa, kusa da falo.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga. Bango uku duk kantoci ne na katako, tun daga ƙasa har rufi, faya-fayai a jere a tsaye yadda wanda ya san darajarsu ke ajiyewa. An rufe tagar da labule mai kauri don kada rana ta taɓa su. A tsakiya akwai kujera guda ɗaya da hannayenta suka yi sulɓi, a gabanta garmaho lulluɓe da farin ƙyalle. Ya zaro faifai ɗaya daga kwalinsa ya karkata shi ga haske. Ko ƙarzane babu. A bayan kwalin an rubuta ranar da aka saye shi da fensir. Ya zaro na biyu, ya zaro na goma, duk haka suke.

"Baba direban jirgin ƙasa ne," in ji Malama. "Duk tashar da ya sauka sai ya dawo da ɗaya ko biyu. Marigayiya mahaifiyarmu takan ce da faifai na haihuwa, da mun fi kowa dangi."

"Allah ya jiƙan Baba," ya ce.

"Yana da rai. Yana asibiti. Ɓarin jikinsa na dama ne ya shanye, bakin ma ya tafi. Likita ya ce ba zai ƙara hawa bene ba, ga ɗakin kwanansa a sama. Nan za mu sa masa gado. Kwana biyar suka ba ni kafin a sallame shi."

"Ya san za a sayar?"

"Jiya ko ni bai gane ba," ta ce tana kallon ƙasa. "Yayana na nesa, ya ce in yi abin da na ga ya dace. Ni kaɗai ce a kan komai."

Mai Faifai ya auna ɗakin da ido. In aka cire kanta ɗaya aka bar biyu, gado zai shiga, keke ma zai juya. Maganar ta zo masa har baki. Sai ya sake duban bangon nan uku, ya tuna shekarun da ya yi yana bin gidaje yana dawowa da tarkace, ya haɗiye ta. Suka daidaita. Bai yi mata ƙwauro ba, kuma da wannan ya riƙa lallashin kansa daga baya.

Sawu uku motar ɗaukar kaya ta yi. Malama ta ce ya haɗa da garmahon, da wani littafi mai baƙin bango inda tsohon ya jera sunan kowane faifai da kantar da yake. Da ana sauke kayan, maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ya leƙo.

"Tsuntsu daga sama gasasshe. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu."

"To wa ka kashe?"

Suka yi dariya.

Yawancin kayan ba su yi wata guda a hannunsa ba. Akwai wani baƙo da ke zuwa daga ƙetare sau biyu a shekara, 'yan layin na ce masa Ba-Tayi don ba ya tsayawa ciniki. Shi ya kwashi mafi yawa, har da littafin, aka ɗure su a akwatunan katako aka tura tashar jirgin ruwa. Wani mai otal ya sayi tuli guda don ya ƙawata bangon ɗakin cin abincinsa. Garmahon wani lauya ya ɗauka. Wasu suka bi hannaye ɗai-ɗai. Mai Faifai ya gyara rufin gidansa da ke yoyo tun bara, matarsa ta ce a ƙarshe dai baƙaƙen farantan nan nasa sun yi rana.

Bayan wata biyu, yana zaune yana goge wani faifai, sai ga Malama a ƙofar shago. Ya ba ta kujera, ta ƙi zama.

"Baba ya farfaɗo," ta ce. "Yana gane kowa, amma magana ta ƙi fita. Wuni yake yi yana kallon bangon. Matar da ke koya masa magana a asibiti ta ce masu irin ciwonsa wani lokaci waƙar da suka sani ce ke kwance musu harshe. Na sa masa waƙoƙi a waya, ya ture ta da hannu. Kuma akwai wani amo da yake ta yi a maƙogwaro, ba ya fasawa. Ina so ka sayar min da nasa, ko kaɗan ne."

Ya juya ya dubi kwalin da ke ƙarƙashin tebur. Guda arba'in da ɗan wani abu suka rage, waɗanda kowa ya ɗaga ya ajiye.

"Ba maganar saye, Malama. Ranar Asabar zan kawo su, da garmahona."

Ya je da la'asar. Ɗakin ya yi faɗi, ya yi haske, an cire labulen. A bango ramukan ƙusa ne a jere. Tsohon na zaune a keken marasa lafiya, dogon mutum mai faɗin kafaɗa da rigar ta yi wa yawa, hannunsa na dama ajiye a cinya kamar ba nasa ba.

Mai Faifai ya durƙusa. "Baba, ina wuni? Ya jiki?"

Tsohon bai dube shi ba, kwalin yake kallo. Aka tura masa shi kusa. Da hannun hagu ya riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya, ya juya bayan kwalin faifan, ya ga rubutunsa, ya ajiye. Sai da ya kai ƙarshe, ya laluba gindin kwalin, sannan ya ɗago ya dubi Mai Faifai ya yi amon. Ɗan gajere ne, yakan hau sama sai ya karye, don rabin bakin ba ya motsi. Ya maimaita har sau uku.

Mai Faifai mutum ne da ke alfahari cewa in allura ta sauka kan faifai, kafin ya zagaya sau biyu zai faɗi sunansa. Ya kasa kunne. Bai gane ba.

"Baba, mace ce ta rera ko namiji?"

Tsohon ya ɗaga hannu ya nuna bangon hagu, daidai tsayin kafaɗa. A nan faifan yake zaune a da. Mai Faifai da hannunsa ya kwashe kantar, cikin sauri, yana tsoron kada Malama ta sake shawara. Bai tuna ko ɗaya ba. Suka ba tsohon fensir da takarda, ya ja da hannun hagu, abin da ya fito bai yi kama da harafi ba.

"Ke ba ki san ta ba?" ya tambayi Malama.

"A rufe yake jin kayansa. Mu ta bayan ƙofa muke ji, duk ɗaya suke a kunnenmu."

Daga ranar ya shiga nema. Ya kira Ba-Tayi a waya, baƙon ya ce ai tuni ya rarraba su kashi-kashi, sun watsu ƙasa biyar ko shida, littafin kuwa ya bi ɗaya daga cikin akwatunan, bai san wanne ba. Ya je otal ɗin, ya tarar an kafe kowane faifai da ƙusa biyu, an shafe su da man ƙyalli. Mai otal ya ba shi tsani, ya hau ya bi bango yana karanta sunaye, masu cin abinci na kallonsa. Ko da faifan na cikinsu, allura ba za ta ƙara bi ta kansa ba. Ya bi masu sayen ɗai-ɗai da ya iya tunawa. Wasu suka mayar masa, wasu suka ce abin da aka saya an saya, wani ya ce ya ba abokinsa kyauta kuma abokin ya yi tafiya.

Ya naɗi amon tsohon a waya ya kai wa duk wanda yake zaton zai sani. Wani tsohon makaɗi ya saurara ya ce ya yi kama da waƙoƙi goma, bai kuma yi kama da ko ɗaya ba. Mai gyaran rediyo ya ce, "Anya ba kukan jirginsa yake kwaikwaya ba?" Da ya ga fuskar Mai Faifai sai ya koma kan aikinsa.

Duk Asabar yakan rufe shago da wuri ya ɗauki abin da ya samo. Yakan ɗora faifai, ya sauke allura, tsohon ya miƙo wuya. Kafin a yi nisa sai ya girgiza kai, a ɗora wani. A Asabar ta bakwai aka sa wani faifai, tsohon bai girgiza kai ba. Ya rufe ido. Leɓensa na hagu ya fara motsi. Malama ta dafa bango, ba wanda ya yi ko tari har waƙar ta ƙare, allura ta shiga karce tsakiya. Tsohon ya buɗe ido, ya dubi Mai Faifai, ya sake yin amonsa na kullum, ya nuna bango. Hawaye na bin kumatunsa na dama, ba ya ma jin su balle ya share.

Malama ta rako shi har ƙofar gida. A nan ya ajiye garmahon ƙasa.

"Malama, akwai abin da ban faɗa miki ba. Ranar da na zo, na ga gadon zai shiga ko an bar kanta biyu. Na gani, na yi shiru."



"Na sani," ta ce. "Na gwada da igiya kafin in kira ka. Gajiya ce ta yi min yawa, ga shi na ɗauka ba zai tashi ba. Kuma tun muna yara ɗakin nan ya fi mu samun Baba. Da na ga motar ta tafi da su, har wani sanyi na ji a raina." Ta gyara mayafinta. "Don Allah ka daina zuwa. Duk ranar da ka zo, kwana biyu yake yi ba ya karɓar abinci. Na gode da wahalar da ka sha."

Ya ce to. Ya bar faya-fayan a can, ya ɗauki garmahonsa.

Bai daina sauraro ba. Duk faifan da ya shigo shagon sai ya sa shi tun daga farko har ƙarshe, gaba da baya, kafin ya sayar. Masu saye suka fara ƙorafin yana ɓata musu lokaci. Matarsa ta ce ya koma kamar mai zaman makoki, ana yi masa magana hankalinsa na wani wuri.

Da damina ta kusa ƙarewa Malama ta kira shi. Ta ce makaranta ta ƙi ƙara mata hutu, yayanta ya zo zai tafi da Baba can inda yake aiki, gidan kuma za a ba da shi haya. In yana son kwalinsa ya zo ya ɗauka.

Ya isa da hantsi, ya tarar da mota a ƙofar gida, an ɗaure katifa a samanta. Yayan, mutum mai furfura a gemu, na kokawar ɗaga mahaifinsa daga keke. Mai Faifai ya kama masa, suka zaunar da tsohon a kujerar baya. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

"Ya daina amon," in ji Malama a hankali. "Mako uku ke nan. Yanzu in an ba shi abinci yana ci, in an kwantar da shi ya kwanta."

Mai Faifai ya sunkuya ta ƙofar motar, ya matso kusa da kunnen tsohon, ya yi masa amon yadda ya haddace shi, har da inda yake karyewa. Tsohon ya juyo ya dube shi irin kallon da ake yi wa mai wucewa a hanya, sannan ya mai da idonsa kan bayan kujerar direba.

"Malam, ɗan matsa in rufe ƙofar," in ji yayan. "Tafiyar da nisa."

Ya matsa. Motar ta tashi, Malama ta bi ta da 'yan taku kaɗan ta tsaya. Ta koma ciki ta fito masa da kwalin, an ɗaure shi da igiya. Ya ɗora a kafaɗa, suka yi sallama, ya kama hanyar shago a ƙasa.