Wankan Herr Pawlak

Ranar da Frau Brinkmann, shugabar gidan kula da tsofaffin da nake aiki, ta kawo mini Detlef Jablonski, kallo ɗaya na yi masa na ce a raina an haɗa ni da aiki. Ƙato ne, shekara hamsin ba ɗaya, hannuwa kamar shebur, ga rigar aikin da aka ba shi ta ɗame shi har maɓallai na neman tsinkewa.

"Roswitha, ga ɗalibinki," in ji ta. "Gwaji zai yi. Ƙarshen wata ke za ki ce a ɗauke shi ko a sallame shi."

Labarinsa irin na mazan garinmu ne. Tun yana saurayi yake shiga ramin kwal, har aka rufe ramin. Daga nan ofishin da ke nema wa irinsu sabuwar sana'a ya karɓe shi. Sun yi iya ƙoƙarinsu, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sun koya masa tuƙa motar ɗaga kaya a sito, kamfanin ya tattara ya koma wata ƙasa. Sun samo masa gadin kanti, ya kasa jure tsayuwa wuni guda hannu a aljihu. Mai ba shi shawara ta gaya masa gaskiya: a shekarunsa, wannan kwas ɗin na kula da tsofaffi shi ne na ƙarshe da za su ɗauki nauyinsa. In bai samu shiga ba, sai zaman gida, daga shi sai talabijin.

Ƙarfi kam akwai, ga haƙuri. Zai ɗauki mutum daga gado zuwa keke ba tare da ko nishi ba. Amma da an zo wanka sai ya daskare. Ya kawar da kai, fuska ta yi ja, ya riƙe soso kamar zai cije shi.

"Detlef, mutum kake wankewa, ba bango ba. Dube shi mana."

"Nauyi nake ji, Roswitha. Sa'an mahaifina ne fa."

"Nauyin naka ba zai fitar masa da datti ba."

Ina da faɗa, na sani. Amma tausayinsa nake ji sosai, don ni ma 'yar mahaƙin kwal ce. Duk da haka, da muka shiga makon ƙarshe na riga na yanke cewa ba zan iya cewa a ɗauke shi ba. Aikin nan rabinsa wanka ne.

A hawa na biyu muna da Herr Pawlak, tsohon mahaƙi, ya haura tamanin, mantuwa ta ci ƙarfinsa. Wanka ne abokin gabarsa. Ya taɓa jifana da kofi a kan maganar. Cewa yake shi ba jariri ba ne da za a tuɓe shi. Ran Laraba da safe biyu daga cikin ma'aikatanmu suka kwanta ciwo, aiki ya yi mini yawa, sai na tura Detlef.

"Je ka gwada. In ya ƙi, ƙyale shi, kada ka ja da shi."

Na saurari ihu, ban ji ba. Shirun ya dame ni, na ajiye abin da nake yi na je na leƙa banɗakin.

Detlef ne zaune a kan 'yar kujera, ya tuɓe riga, ya juya wa tsohon baya. Bayan nan duk tabo ne shuɗi-shuɗi, irin wanda ƙurar kwal ke bari in ta shiga rauni. Herr Pawlak kuwa ya riƙe soso da hannu biyu yana cuɗa shi da gaske, kumfa na zuba ƙasa.

Raina ya ɓaci nan take. Ma'aikaci ba riga, ba safar hannu, a gaban wanda yake kula da shi? Da Frau Brinkmann ce ta shigo, ko jiran ƙarshen wata ba za ta yi ba. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna abin da nake kallo. Haka mahaƙa ke yi in sun fito daga rami. A ɗakin wankansu layi suke yi, kowa yana cuɗa bayan na gabansa, don ba wanda hannunsa ke kaiwa nasa. Babu babba babu yaro, kuma ba wanda ya taɓa jin kunyar abin.

"To, juyo," in ji tsohon, ya miƙa soson. "Saura bayana. Kuma kada ka shafa ni kamar mace."

Tsohon ya cire rigarsa da kansa. Detlef ya wanke shi tas, daga wuya har tsakanin yatsun ƙafa, bai kawar da kai ko sau ɗaya ba. Yana yi suna tsokanar juna.

"Ka yi tumbi, yaro."

"Kai kuma ka koma ƙashi, tsoho. Ɗaga hannu."

Sai lokacin da Detlef yake goge shi da tawul ne Herr Pawlak ya dubi ruwan da ke gangarawa, ya tsuke fuska.

"Ruwan naka fari ne. Ba ka shiga rami ba yau?"

"An rufe ramin, Herr Pawlak. An daɗe."

Tsohon ya dube shi. "To a ina kake aiki?"

Hannun Detlef ya tsaya. A lokacin ne ya ɗago ya gan ni a bakin ƙofa. Ya dubi rigarsa a rataye, ya dube ni, ya san abin da na gani, ya kuma san abin da doka ta ce. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a idon babban mutum ba. Ni kawai yake kallo.

"Ana tambayarka, Detlef," na ce. "Gaya masa mana."

Ya juya wajen tsohon. "A nan nake aiki," ya ce.

Na ciro rigar na jefa masa.

"To in a nan kake aiki, sa rigarka kafin Frau Brinkmann ta hawo. Mutum uku na jiran wanka."