Kalmar da Direba Ya Koya wa 'Yarsa

Shekara goma sha ɗaya Malama ta yi tana koyar da Turanci a aji biyar, kuma a duk makarantar ba mai ja da ita a kan kalma. Ko shugaban makaranta sai ya miƙo mata wasiƙarsa ta duba kafin ya sa hannu.

Wata Litinin ta rubuta "couple" a allo, ta ce ma'anarta mata da miji, ko kuma abu biyu, kowa ya yi jimla da ita. Da ta zo gyara sai ta ci karo da littafin wata yarinya da ake kira Shiru-shiru saboda rashin maganarta. Yarinyar ta yi amfani da kalmar ta ce abin da babanta yake yi wa kan motarsa da tirela ke nan kullum da safe.

Malama ta ɗaga littafin ta karanta da ƙarfi.

"To fa! Ashe babanki aure yake ɗaura wa motoci? Wace ce amaryar, tirelar?"

Aji ya kwashe da dariya, har da masu buga tebur. Ta zabga wa jimlar jan biro. Kafin a tashi, sunan yarinyar ya koma Ƙawar Amarya.

Ranar Laraba ana cikin hutun safe, wani mutum ya yi sallama a ofishin malamai, sanye da kayan aiki. Malama ta nuna masa kujera, ya ce a'a, kada baƙin mai ya ɓata musu. Shi ne uban yarinyar.

"Malama, ba ƙorafi na kawo ba. Kwana biyu ke nan ta ƙi zuwa, sai kuka. Laifina ne, ni na gaya mata kalmar. Ni ban yi boko mai nisa ba, a jikin mota na gani." Ya miƙo wayarsa mai tsagaggen gilashi. Hoton wata takardar gargaɗi ce manne a bayan kan mota, ga kalmar nan ɓaro-ɓaro a layin farko, ana bayanin yadda ake jona tirela. "Ki gyara mini, don kada in sake ɓatar da ita."

Malama ta karanta layin, ta gane mutumin ne da gaskiya. Malamai uku suna zaune, kowa ya yi kamar yana rubutu, amma ta san kunnuwansu na wajenta.

"Ka san kamfanoni da ƙirƙirar Turancinsu," in ji ta. "Ba daidaitacce ba ne. Ka ce ta dawo."

Ya yi godiya har da rusunawa, ya tafi.

Da ta koma gida, ko takalmi ba ta cire ba ta jawo ƙamus. Ma'ana ta farko, abu biyu. Ta biyu, ma'aurata. A ƙasa kuma: haɗa abu da abu, kamar taragon jirgi da wani, ko mota da tirela. Ta karanta sau uku. Shafin ma ta taɓa ja masa layi da fensir, amma layin a ma'ana ta biyu ya tsaya.

Abincin ranar bai shiga ba. Kuskuren bai dame ta kamar godiyar mutumin ba. Mijinta ya tambaye ta ko ba ta da lafiya, ta ce kai ne ke mata ciwo. Ƙarya ta biyu ke nan a wuni ɗaya.

Alhamis da aka tashi, ta yi tambaya har ta gano garejin manyan motoci. Ta tarar da uban yarinyar yana baya da kan mota a hankali, yana leƙen madubi, har ƙarfe ya shige ƙarfe, ji kake ƙas! Ya diro yana goge hannu.

"Malama, lafiya? Ko ta sake wani laifin ne?"

"Ni ce mai laifi, Malam. Kai ne da gaskiya, ita ma haka. Kuma tun jiya da na ga hoton na san haka."

Ya murza tsumman hannunsa.

"Ni ba komai, Malama. Amma ai ba a gabana aka yi mata dariya ba."

Ta roƙe shi ya turo yarinyar gobe.

Washegari yarinyar ta zo, ta zauna can baya. Malama ta rubuta jimlar yarinyar a allo da manyan baƙaƙe, tana danna allin har ya karye. Ta juyo ta ce jimlar daidai ce, ita ce ba ta sani ba, kuma ta yi wa ɗalibarta izgili a kan gaskiyarta. Wani daga gefe ya fara dariya, da ya ga shi kaɗai ne sai ya haɗiye.

"Ki yafe mini," ta ce wa yarinyar.

Shiru-shiru ba ta ce ta yafe ba. Ta tashi, ta bi tsakanin benci a hankali, ta buɗe littafinta ta ajiye a kan tebur, ta tsaya tana jira sai da Malama ta gyara mata makinta.