Ɗingishin Pak Darmaji

Shekara arba'in Pak Darmaji, wato Malam Darmaji, ya yi yana fitowa a matsayin sarki a dandalin rawar gargajiya na birnin Solo, har ranar da ya zame a matakala, gwiwarsa ta hagu ta goce. Tun daga nan ya zauna gida yana jan ƙafa, matarsa Bu Ngatmi, wato Inna Ngatmi, kuma ta ci gaba da sayar da shinkafa da miyar kwakwa a bakin kasuwa.

Sai ga mutanen wani gidan talabijin. Suka ce za su yi wasan barkwanci kan wani sarki na ƙage, Gandrasena, wanda wai ya yi mulki shekara ɗari shida da suka wuce, suna so tsohon ya koya wa ɗan wasansu Kliwon irin takun sarakunan da. Mako uku Kliwon yana sintiri a gidan. Ya durƙusa ya sumbaci hannun tsohon, ya kira shi Mbah, wato kaka, ya ci abincin Ngatmi har ya nemi ƙari. Ranar sallama Darmaji ya buɗe akwati ya ara masa ɗamara mai aikin zaren zinariya, wadda ya gada daga malaminsa.

Asabar ɗin da aka fara nuna wasan, maƙwabta suka cika falon bayan la'asar. Sarki ya fito da ƙaton tumbi, agwagwa ɗaya ta biyo shi, ya ruga ya ɓuya bayan fadawa. Yana gudun yana jan ƙafar hagu. Da zai yi magana sai ya yi gyaran murya sau biyu ya ja kunnensa, daidai yadda Darmaji ke yi tun yana saurayi. Aka fashe da dariya, sannan ɗaya bayan ɗaya aka gane, aka yi tsit. Kowa ya tuna da wani aiki da ya baro a gida.

Washegari a kasuwa mai sayar da kifi ta tambayi Ngatmi ko Sarauniya ta tashi lafiya, wani direba kuma ya ce a zuba masa shinkafa amma ban da naman agwagwa, kada Mai Martaba ya firgita. Ngatmi ta rufe tukunya tun hantsi, ta hau bas zuwa inda ake ɗaukar wasan.

Ta tarar da Kliwon cikin kayan sarauta, yana shan shayi a inuwa. Bai gama gaisuwa ba ta tare shi.

"Ka ci shinkafata mako uku. Tafiya aka ce ka koya, ko ciwon mijina?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce wallahi ya yi ƙoƙari, takun ya fi ƙarfinsa, ɗingishin ne kawai ya zauna masa, shugaban shirin kuma ya gani ya ce a bar shi haka.

"Ai girmamawa ce, Bu."

"To ka girmama ubanka. Kwance ɗamarar nan."

A gaban ma'aikata ya kwance, tumbin audugar da aka ɗaure masa ya zazzago har gwiwa. Ba wanda ya yi gigin dariya. Ta naɗe ɗamarar ta sa a jaka.

A gida ta iske Darmaji a baranda, fuska a murtuke. Ta ajiye masa kayansa, ta zayyana masa duk abin da ta faɗa, tana jiran ya gode. Sai ya ce shi ƙafar ba ta dame shi ba, ai dukan unguwa sun san da ita.

"Kin ga yadda ya riƙe yatsunsa? Kamar mai tallan gyaɗa. Yanzu za a ce ni na koya masa haka."

Ngatmi ta daɗe tana kallonsa. A ranar nan, da kansa ya zuba abinci, don ta ƙi zuba masa.

Wasan ya yi shekara biyu ana nunawa, sarki bai daina ɗingishi ba. Duk Asabar Ngatmi takan zare wayar talabijin daga bango. Darmaji sai ya ja ƙafarsa zuwa gidan maƙwabci ya kalla, ya dawo yana faɗa, ita kuma ta ce ya je can ya ƙarasa.