Zaren da Maiƙo Ya Toshe

Injiniyar tashar tace ruwan ƙazanta ta zaro damin zare daga tanki, ta ɗaga shi sama, maiƙo na ɗiga kamar an tsamo shi daga tukunyar miya. Siraran bututu ne farare masu kama da zare. Iska ke ratsa jikinsu ta isa ga ƙwayoyin halittar da ke cinye dattin, ruwa kuwa ba ya samun hanyar shiga. Yau duk sun toshe.

Tun bara take roƙon a gina mata matatar kitse a bakin magudanar mayanka, inda maiƙon ke fitowa. Kullum amsar ɗaya ce: ana dubawa. Ita ce ke komawa gida da wari, har autarta ta koyi toshe hanci kafin ta rungume ta.

Manaja ya iso yana goge zufa, ya tsaya nesa don kada takalminsa ya ɓaci.

"Ƙanwata, manyan baƙi sun taso. Ina ruwan da za mu nuna musu?"

Ta miƙa masa kwalbar ruwan da zaren ya tace. Ruwan ya yi kalar shayi.

"Haba! Wannan zan kai gaban shugaban hukumar ruwa?"

"Shi muke zubarwa a rafi, Yallaɓai. Da shi masu lambu ke ban ruwa. Ku bar shi ya gani, ko a gina mana matatar."

"Ke dai ba ki san zaman duniya ba."

Ya juye kwalbar, ya cika ta a famfon banɗaki. Ta bi shi da kallo.

Da baƙin suka iso, shugaban hukuma ya ɗaga kwalbar a rana, ya yi ta jinjina kai. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto.

"Madalla! Tunda zaren nan na aiki haka, tsofaffin injinan tace ruwan nan me suke yi, ban da shan wuta? Gobe a kwance su. Duk ruwan gari ya biyo ta nan."

Da motocin suka fice, Manaja ya tako har bakin tankin, ƙafarsa cikin laka, murya ƙasa-ƙasa.

"Ƙanwata, yanzu ya za mu yi?"

Ta ciro wayarta, ta nemo lambar shugaban, ta danna kira, sannan ta ɗora masa a tafin hannu.

"Tana shiga, Yallaɓai."