Tsinken da Kawu Bai Karya Ba

Yaya Kalilu ne ya kawo wa Inna shukar nan daga Maraɗi, tun muna Gatawa. Ganyenta mai kauri ne, yana sheƙi kamar an shafa masa kakin zuma, shi ya sa muke ce mata mai kaki. A gwangwanin madara take, a rataye ƙarƙashin rumfa, ba wanda ya damu da ita. Sau ɗaya ta yi fure, fari, a dunƙule. Inna ta ce ba ta taɓa jin ƙamshi irinsa ba.

Da zaman Gatawa ya gagara muka koma Sabon Birni, gidan Kawu Wada, ƙanen Inna. Ni na ɗauko gwangwanin cikin kwandon tukwane. Tun daga nan idanun Inna suka fara dushewa, jikinta ma ya yi sanyi. Kullum da safe sai ta lalubi ganyen ta ce, "Ikilima, har yanzu?" In ce, "Har yanzu, Inna." Na sa a raina sai ta sake jin ƙamshin nan tun tana iya fitowa tsakar gida.

Kawu manomi ne, gero da dawa ya sani. Tausayin yayarsa ya sa ya mai da shukar kamar gonarsa. Ya cire ta daga gwangwani ya dasa a tsohuwar randa, ya zuba takin awaki, ruwa safe da yamma. Ta yi ta yaɗo har ta hau zana, ganye dai, ba fure. Duk Juma'a kuma in ya dawo masallaci sai ya tsaya ya kakkarya wasu 'yan tsinkaye marasa ganye da ke jikinta, yadda yake zare busasshen ganyen dawa.

"Waɗanga su ka shanye mata ƙarfi," in ji shi.

Ni kuwa na tuna a kan irin tsinken nan furen ya fito a Gatawa. Amma ban iya magana gaban Kawu. Ko gaisuwa kaina a ƙasa nake yi. A gidansa muke, tuwonsa muke ci, ta ina za ni fara ce masa hannunsa ne ke ɓata abin?

Sai na yi abin da ba ya bukatar baki. Na karɓi aikin ban ruwa, na riƙa bari ƙasar ta bushe kamar da. Na daina zuba taki. Na ja reshe ɗaya mai tsinke na lanƙwasa shi bayan zana, inda rana ke taɓawa da safe kawai. Damina ta shigo, kan tsinken ya kumbura, ya fito da 'yan ƙwayoyi kamar tsabar gero.

Wata Juma'a akuya ta ture zanar. Kawu ya shigo da darduma a kafaɗa, ya hango reshen.

"Ashe akwai wanda ya tsere min," ya ce, ya miƙa hannu.

Ban san lokacin da na bar turmi ba. Na ga dai hannuna riƙe da hannun rigarsa.

"Kawu, don Allah bar shi."

Ya dube ni. "Ke ce kika yi magana, ko akuyar?"

"Ni ce." Ban saki rigar ba. "A nan take fure. In ka karya, sai wata shekara. Za ni kula da shi da kaina."

"Busasshen tsinke ya yi fure? Ɗiyata, tun ba a haife ki ba nike noma."

Inna ta yi dariya daga kan tabarma. "Wada, kai wane fure ka sani in ba na kuɓewa ba? Ƙyale mata abinta."

Kawu ya sunkuya, ya daɗe yana kallon 'yan ƙwayoyin. "To, sakar min riga, ita kaɗai ce ta Juma'a. Na bar miki shi. In bai yi ba kuwa, akuya ta samu abin kalaci."

Na tayar da zanar, na ɗaure akuyar nesa, na ci gaba da jira. Ƙwayoyin suka yi girma, suka rataya.

Ranar da suka buɗe, da yamma ne, ina hura wuta. Ban gani ba tukuna. Inna ce ta ɗaga kai ta ce, "Ikilima, kai ni wurinta." Na riƙe ta har gindin randar. Ta kusantar da fuskarta, ta shaƙi ƙamshin, ta daɗe a haka.

Kawu ya zo ya tsaya bayanmu, ya shaƙa shi ma.

"Shuka mai ƙin taki," ya ce. "Wannan ba Bagobira ba ce."

Har yanzu yana zuwa duba ta duk Juma'a, amma hannuwansa a baya yake riƙe su.